Ƙurun makaranta mai ja wa yarinya birki a gaban sanda: a canja shi ko a bar ta da shi?

Tambayar da wata uwa ta turo: "Yarinyata shekararta 11, wata takwas kenan tana koyon hawan doki, yanzu sun fara tsallake sanda. Ƙurun da ake ba ta wani ɗan duniya ne, sai ya taho kamar zai tsallaka sai ya ja birki ko ya zille ta gefe, wani lokacin ma ya duƙar da kai ya kama cin ciyawa tana kansa. Sau biyu tana faɗowa. Amma in kocinsu ya hau shi sai ya zama kamar waliyyi. In ce a canja mata doki ne?"

'Yar uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya tsare gaba. Wallahi sai da na yi dariya da na karanta, ba don faɗuwar yarinyar ba, a'a, don na san ƙurun nan, wato ɗan gajeren dokin nan, duk da ban taɓa ganinsa ba. Kusan kowace makarantar koyon hawa tana da irinsa, gajere, ga tumbi, ga ido kamar bai san komai ba, alhali shi ya fi kowa daɗewa a bargar kuma ya fi kocin ma sanin lokacin da lesin ke ƙarewa. Na daɗe ina koyar da yara tsalle a kan irinsu, sun sha kunyata ni a gaban iyaye. Amsata a taƙaice: kar ki yi saurin cewa a canja shi, abin da za ki nema shi ne a koma baya da lesin ɗin, a sauke sandar ƙasa. Akwai sharaɗi biyu da za su sa in canja magana, zan zo kansu.

Ki fara cire wa ranki cewa mugunta yake yi. Doki ba ya kwana yana ƙulla wa mutum sharri, lissafinsa guda ɗaya ne tak, me na yi aka daina matsa min? Duk abin da ya yi matsin ya sauka a cikin sakan ɗaya ko biyu, to ya riƙe shi kenan, gobe ma zai gwada. Yanzu ki duba abin ta wajensa. Ya taho, ya yi abin kirki ya tsallaka, yarinyar da ke kansa ba ta shirya ba, tsallen ya bar ta a baya, ba ta da abin riƙewa sai linzami, ta fizge shi da duk nauyinta, ƙarfen kuma yana zaune ne a wani gurbi a bakinsa inda babu haƙori, dadashi ne kawai a kan ƙashi, sannan da suka dira ta faɗo masa tim a gadon baya. Ladan tsallen kenan. A ɗaya gefen kuma ya turje, yarinya ta zame kan wuyansa, kowa ya tsaya, koci ya tako yana lallashi yana gyara mata likkafa, shi kuwa gogan ya samu hutun minti biyu har da ɗan yagar ciyawa. To ke in ke ce wanne za ki zaɓa? Kuma ba 'yarki kaɗai ke hawansa ba fa, yara nawa ne a sati, kowanne da irin fizgar da yake masa. Shi ya sa in koci ya hau yake zama waliyyi, ya san hannun nan ba zai cuce shi ba, ya kuma san ƙafar nan ba za ta bar shi ya zille ba.

Don haka abu na farko, tun kafin a yi maganar bulala ko wani abu, a ɗaura masa maɗauri a wuya. Tsohuwar fatar likkafa ma ta isa, a zagaya ta a gindin wuyansa, yarinya ta saƙala yatsa biyu a ciki tun saura taku uku ko huɗu a kai sanda, in babu ta damƙi geza, ba ya jin zafin wannan kamar yadda mutane ke zato. Wasu yaran suna jin kunyar riƙewa wai na 'yan koyo ne. Manyan mahaya masu tsallake shingayen daji a gasa da yawa da shi suke shiga, ba wanda ya ce musu komai. Da zarar ƙurun ya yi tsalle goma, ashirin, bakinsa bai sha ƙarfe ba, za ki ga rabin rashin kunyar ta tafi da kanta.

Sai babbar maganar, wadda nake ta nanata wa yara har sun gaji da ji. Turjiya ba a gaban sanda take farawa ba, tun a kwana take farawa. Tsallen kansa aikin doki ne, ba wanda ke ɗaga doki sama, aikin mahayi shi ne ya kawo shi gaban sandar a miƙe, a tsakiya, da tafiya mai rai wadda ba ta canjawa. In kin tsaya kallo lesin mai zuwa kar ki kalli sandar, ki kalli kwanar da suke shawowa kafin su fuskance ta. Ina tabbatar miki za ki ga ɗayan biyu, ko ya yanke kwanar ya shigo a karkace kafaɗarsa ta riga ta nufi gefe, ko kuma tafiyar ta mutu, kowane taku yana gajarta, ita kuma ta yi tsit a kai ta daina numfashi ta zuba wa sandar ido tana jiran abin da zai faru. Shi kuma tambaya yake yi a kowane takun nan, da gaske kike? da gaske kike? Bai ji amsa ba, sai ya yanke wa kansa hukunci. Dabbar da ke jin saukar ƙuda a jikinta har ta girgiza fatar wurin, ita ce ba za ta ji yarinya ta ƙame ta riƙe numfashi ba?

Maganin riƙe numfashi mai sauƙi ne har ya ba da dariya, ta riƙa ƙirga taku da ƙarfi, ɗaya biyu ɗaya biyu, tun daga kwana har bayan sun dira. Wanda ke magana dole ya shaƙi iska, kuma ƙirgar tana sa ta ji da kunnenta lokacin da tafiyar ta fara mutuwa. Idonta kuma a samo masa wurin zuwa can gaba, bishiya ko ginshiƙi ko shi kocin ya tsaya a ƙarshen fili ya ɗaga yatsu ta faɗi ko nawa ne. Kan mutum yana da nauyi, na babba ya kai wajen kilo 5, in ta sunkuyar da shi kafaɗa ta bi, nauyi ya koma gaban sirdi, daidai lokacin da ƙurun ke bukatar gabansa ya yi sauƙi don ya tashi. Ina yawan ce musu inda kika kalla can za ki, in ƙasa kika kalla to ƙasa za ki.

Akwai kuma abin da ya shafi idon dokin da yawancin iyaye ba su sani ba. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, amma akwai inda ba ya gani, dab da gaban goshinsa da ƙarƙashin hancinsa, da kuma bayan wutsiya. Ma'ana yana auna sandar ne tun daga nesa, a takun ƙarshe ta riga ta shige masa ƙarƙashin fuska, da abin da ya gani ɗazu yake tashi. In yarinya don tsoro ta tattare linzami ta ƙanƙame masa kai, ba zai iya ɗaga kan ko sauke shi ya duba da kyau ba, ka hana mutum kallo sannan ka ce ya yi tsalle. Kala ma ba kamar mu yake gani ba, shuɗi da rawaya yana bambance su sosai, ja da kore kam sai a hankali, shi ya sa sanda mai ratsin fari ta fi masa sauƙin gani a kan wadda ta saje da ƙasa.

To me nake nufi da a koma baya? A ajiye sanduna a ƙasa kawai, uku ko huɗu a jere, ya riƙa bi ta kansu da sassarfa. Tazarar tsakaninsu ga ƙuru wajen mita 1 zuwa 1.2 ce gwargwadon takunsa, ta babban doki ta fi haka, kuma wannan kuskure ne da nake gani sosai a lesin ɗin taro, a jera sanduna da awon manyan dawaki sannan a ce ƙaramin ya bi, ya yi ta tuntuɓe har ya tsani abin. Ita kuma ta yi su a rabin tsaye, wato ta ɗaga mazauninta kaɗan daga sirdi, nauyi ya sauka a diddige, gwiwa ta yi laushi, an rage tsawon likkafa da rami ɗaya ko biyu. Gwajin da nake yi kafin in bar yaro ya fara tsalle shi ne ya zagaya fili a haka da sassarfa da ƙaramar sukuwa ba tare da ya jingina da linzami ba. In 'yarki ba ta iya wannan tukuna, to an yi gaggawar kai ta ga tsalle, ba laifinta ba ne ba kuma laifin ƙurun ba. Wata takwas, in sau ɗaya ake zuwa a sati, lesin talatin da 'yan kai ne fa kacal.

Bayan nan sai sanduna biyu a gicciye, tsakiyarsu kamar santimita 20 zuwa 30, da wata sandar a ƙasa wajen mita 2 da ɗan wani abu kafin a kai, wadda za ta sa ƙafarsa ta faɗi daidai wurin tashi ba sai yarinya ta yi lissafi ba. Amfanin gicciyen shi ne tsakiya ta fi ƙasa, tana jan doki zuwa tsakiya da kanta. Dalilin da ya sa nake son ta yi ƙasa sosai kuwa, don in ya turje ba za a juya shi ba. Nan ne mutane ke ɓata abin, ya tsaya, sai a ce juyo ki sake zagayowa, to juyawar nan ita ce ladan da yake nema, an ɗauke masa sandar daga gaba. In sandar ba ta fi a taka a wuce ba, sai ta riƙe shi yana fuskantarta, ta zauna daram, ta matsa ƙafa, ya tsallaka daga tsaye ko da taku ɗaya-ɗaya ne kamar mai ƙetare kwata, tana riƙe da maɗaurin wuya don irin wannan tsallen yana zuwa da fizga. In ta yi tsawo koci ya sauke ta ƙasa a gabansa ya taka ya wuce. Ya gane cewa hanya ɗaya ce, ta gaba. Da ya wuce kuma a sassauta, a shafa wuya, a bar shi ya huta a can ɗaya gefen. Hutu ya koma bayan sanda, ba gabanta ba.

Zillewa ta gefe ita ta fi sauƙin gyara don kusan kullum gefe ɗaya suke yi, ki lura za ki gani, kuma yawanci gefen da ƙofa take ne ko inda sauran dawakin ke tsaye, dabbar garke ce, ba ya son barin 'yan uwansa. A ce hagu yake zillewa. Ta riƙe 'yar bulalarta a hannun hagu a jikin kafaɗarsa, ƙafar hagu a manne, hannun dama ta ɗan buɗe shi gefe, ba ja baya ba. In duk da haka ya zille, kar ta bar shi ya ci gaba da zagaye ta hagun, ta tsayar da shi nan take ta juyo shi ta dama, wato ta mayar da shi ta inda ya ƙi. Koci kuma ya jingina sanda a gefen hagun ta zama kamar katanga, ya kuma rage gudun, don zillewa da gudu ake yinta, a sassarfa yarinya tana da lokacin da za ta gyara sitiyari. A farko ma a sa sandar ta fuskanci inda 'yan uwansa suke, ko a sa wani doki mai hankali a gaba ya bi bayansa da tazara, ba wayo ba ne, amfani ne da halinsa.

Bulala kuwa, sau ɗaya, a bayan ƙafarta, a daidai lokacin da ta matsa ƙafa ya yi kunnen uwar shegu, tun a kwana. Dukan da ake yi bayan ya riga ya tsaya, yaro na kuka yana zabga masa don haushi, ba ya koya masa komai sai cewa gaban sanda wurin duka ne.

Yanzu faɗuwar. Ban gani ba amma zan iya rantsewa ta kan kafaɗarsa ta faɗo, don ta riga shi tsalle. Yara suna jin an ce a sunkuya gaba, sai su kwanta a wuyan doki tun saura taku biyu, ƙuru kuma wuyansa gajere ne, babu komai a gabanka, ya ɗan sauke kafaɗa kawai sai ka ji ka a ƙasa. Wannan zaman na karkata gaba wani hafsan sojan doki na Italiya ne ya kawo shi, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, kafin shi mahaya baya suke kwantawa suna jan linzami a kan shinge. Amma abin da ya koyar shi ne mahayi ya bi motsin doki ya sakar masa wuya da baya, ba ya riga shi ba. Ta jira, ƙirji a sama, sai ta ji gabansa ya tashi sannan ta lanƙwasa daga ƙugu mazauninta ya ɗan ja baya, hannu ya bi wuya. A kan sandar santimita 30 lanƙwasar ma kaɗan ce ƙwarai. Bayan dira kuma aiki bai ƙare ba, nan ne ɗan duniyan ke duƙawa ciyawa ko ya yi ɗan tutsu ko ya nufi ƙofa, don ya saba yara suna dira sai su saki komai suna murna. A ba ta aiki bayan sandar, ta miƙe zaune, ta kai wata alama, ta sha kwana ta inda ita ta zaɓa. Akwai igiyar da ake ɗaurawa daga linzami zuwa sirdi don hana su duƙawa ciyawa, tana da amfani a tafiyar ƙasa, amma ni ba na son a yi tsalle da ita don yana bukatar miƙa wuyansa.

Kar kuma ki ɗauka don gajere ne abin ya fi ƙarfinsa. Ƙuru a ƙa'idar gasa shi ne wanda bai wuce santimita 148 ba a tudun kafaɗa, kuma wani mai suna Stroller da bai ma kai hakan ba ya ci lambar azurfa a tsallen shinge a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, da wata 'yar Ingila Marion Coakes a kansa, a tsakiyar manya-manyan dawaki. Iyawa kam sun iya.

Sharuɗɗan nan biyu da na ce. Na farko ciwo. Ba duk taurin kai ne taurin kai ba, na taɓa yin wata guda ina faɗa da wani ɗan ƙuru ja ina cewa iskanci ne, ashe sirdin ne ke zamewa gaba yana cizon kafaɗarsa duk sanda ya dira, aka canja sirdi magana ta ƙare, har yau ina jin kunyar abin. A dira duk nauyi kan ƙafafun gaba yake sauka, kuma ƙananan dawaki masu ƙiba sun fi kamuwa da kumburin cikin kofato, wanda a farkonsa ba ya nuna ɗingishi sosai, sai dai ki ga yana taka ƙasa mai tauri a hankali yana ƙin tsalle. Haƙora ma suna yin kaifi su yanki kumatu in ba a goge su ba, shi ya sa ake duba su aƙalla sau ɗaya a shekara. Wata likitar dawaki a Ingila, Sue Dyson, ta tsara jerin halaye 24 da doki ke nunawa a ƙarƙashin mahayi, irin su maƙale kunne baya, yawan kaɗa wutsiya, buɗe baki, karkata kai, in aka ga 8 ko fiye to akwai alamar ciwo a jiki. Kuma don ya yi wa koci biyayya ba hujja ba ce cewa lafiyarsa ƙalau, mai ƙarfi yana iya tilasta shi ya daure. Ki tambaya cikin ladabi, da can ma haka yake ko kwanan nan ya fara? In sabon hali ne, likita ya kamata ya fara gani kafin koci.

Na biyu yarinyar kanta, kuma wannan ke kika fi kowa sani. In tana saukowa tana hararar ƙurun tana cewa wallahi sati mai zuwa sai na tsallaka da shi, ki bar ta da shi, irin waɗannan su ke fitowa mahaya na gaske. In kuwa ciwon ciki ke kama ta ranar lesin, ko ta yi shiru a mota, ko ta fara neman dalilin ƙin zuwa, to a ba ta tsohon doki mai haƙuri na wasu makonni ta ji yadda tsalle yake in komai ya tafi daidai, don ba za ta iya koya wa ƙurun abin da ita ba ta taɓa ji a jikinta ba, daga baya a riƙa yi mata sati nan sati can. In yana miƙewa tsaye da ƙafafun baya ko yana ɗaukarta da gudu ba birki, wannan ya wuce wayo, ba dokin yaro mai koyo ba ne, ki faɗa kai tsaye.

Tunda ta faɗi sau biyu, ki duba hular kwanonta, in ta bugu da ƙasa a canja ta ko da ba a ga tsaga ba, abin da ke ciki sau ɗaya yake shanye bugu. Ta sa rigar kariyar ƙirji da baya, takalmi mai ɗan dunduniya kada ƙafa ta zurma cikin likkafa. In ta sake faɗowa kanta ya bugu, ko ta ce kanta na ciwo, ko jiri, ko amai, ko ta rikice, ba maganar a maida ta kan doki don kar ta ji tsoro, asibiti za a nufa.

Lesin mai zuwa ki ɗauki bidiyo da wayarki, ki tsaya a bayan layin da suke bi in da hali, ki fara ɗauka tun kafin kwana, ku kalla tare a gida a hankali ki bar ta ita ta nuna miki inda tafiyar ta fara mutuwa. Kuma don Allah kar ki riƙa ƙwala mata umarni daga bakin shinge, murya ɗaya ta ishe ta a fili, ta koci. In za ki iya, ki roƙa mata lesin ɗaya ko biyu ita kaɗai da ƙurun, rabin awa, sanduna a ƙasa, babu sauran dawaki a tsaye a gefe suna kiransa.